Katin rangwamen taki ko a kawo buhu a raba? Ina neman shawarar waɗanda suka gani da ido

Sakataren Masara:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ni ne ke riƙe da littafin wata ƙungiyar manoman masara a kudancin jihar Kano. Wata ƙungiya mai zaman kanta, ba zan kama sunanta ba tunda magana ba ta nuna ba tukuna, ta ce za ta sa mana hannu a kuɗin taki a damina mai zuwa. Zaɓi biyu suka ba mu. Ko su sayo takin da kansu su sauke mana a sito mu raba, ko kuma su ba kowane mamba kati, ya je shagon dillalin da aka amince da shi ya biya rabin kuɗi, katin ya biya rabi. Sun ce mu kai amsa kafin su rufe kasafinsu.

Mun zauna bayan sallar Juma'a, taro ya tashi baram-baram. Dattawanmu sun kafe a kan a kawo buhu su gani da idonsu, sun ce takarda ba ta sa masara kore. Matasa kuwa kati suke so, wai a rabon buhu kullum su ake bari da shara. Ni kuma na tsaya a tsakiya, don kowanne na ɗanɗana shi. Na ga shekarar da tirela ta sauke taki aka ce mutum biyar buhu ɗaya, muka shimfiɗa tabarma muna aunawa da kwano, ranar kasuwa kuma sai ga irin buhunan nan, da rubutunsu da komai, an jera su a rumfa ana sayarwa. Na kuma ga shekarar da saƙo ya shigo wayata cewa in je in karɓi nawa, alhali masarata ta riga ta fara goyo. Takin na karɓa, amma sai noman rani ya ci shi.

To abin da nake so in ji daga gare ku shi ne, a ƙasashen da suka daɗe suna harkar katin nan, ya haifar da ɗa mai ido? Na sha jin sunan Malawi a rediyo. Sannan wa ya kamata ya rubuta sunaye? Mu kanmu ba mu kai ga yarda da juna a kan wannan ba. Kuma mutumin da watan Yuni zai same shi ba shi da ko rabin kuɗin, yaya za a yi da shi? Irinsu ne suka fi yawa a littafina. Allah ya ba da ladan shawara.

Tsohon Malamin Gona:

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. A wannan aikin na yi furfura, don haka ka yi haƙuri in na ja magana. Kati zan ce maka, amma ka ji sharaɗinsa.

Abin da kati ke gyarawa hanyar da taki ke bi ce. A tsohon tsari gwamnati ce ke ba da kwangila, ta sayo, ta yi dako, ta ajiye, ta raba, kuma duk inda buhu ya yada zango akwai mai lasa. Akinwumi Adesina, sa'ad da yake ministan gona, ya sha faɗa cewa kashi 11 cikin ɗari na manoma ne kawai takin gwamnati ke kai wa gare su. Dalilin da ya sa ke nan a 2012 aka fito da shirin GES na tallafin taki ta waya, wanda saƙonsa ya shigo wayarka. Manomi ya biya rabi, tarayya ta biya kashi 25, jiha kashi 25, ya ɗauki buhu biyu, kamfa (wato NPK) da yuriya, daga hannun ɗan kasuwa. Kafin wannan ma an gwada kati a Kano da Taraba a 2009 tare da IFDC, cibiyar ƙasa da ƙasa mai aikin bunƙasa taki. A Kano ƙungiya ake ba wa kati guda, kowane mamba a rage masa naira 2,000 a kan kowane buhu, buhu uku, kamfa biyu da yuriya ɗaya. Ka ga dattawanka ba za su ce baƙon abu ka kawo musu ba.

Malawi da ka ambata ita ce uwa a wannan harka. A 2005 fari ya kama su, yunwa ta shiga gidaje, shugaba Bingu wa Mutharika ya ce zai ba ƙananan manoma kati ko masu ba ƙasar agaji sun so ko ba su so ba. Buhu biyu ne su ma, na shuka ɗaya da yuriya ɗaya, da irin masara. Masara ta ƙaru, wannan ba gardama, ko da yake damina ma ta yi kyau a shekarun da suka biyo baya, kuma har yau masana na jayayya a kan yawan ƙarin. Amma dubi abin da ya biyo. Da farashin taki ya yi tashin gwauron zabo a duniya, a kakar 2008 zuwa 2009 shirin ya cinye wajen kashi 16 cikin ɗari na kasafin ƙasar gaba ɗaya. Katin jabu ya cika gari. A ƙauyuka da yawa masu gari kan sa a raba kati biyu na gida ɗaya tsakanin gida biyu don a zauna lafiya, har wani lokaci a fasa buhu a auna, irin na tabarmarka. Masu bincike sun kuma gano cewa kusan kashi ɗaya cikin biyar na takin tallafin bai ƙara komai a gona ba, don ya faɗa hannun waɗanda da ma za su saya da kuɗinsu. A 2020 shugaba Lazarus Chakwera ya sauya shirin, aka bar takarda aka koma katin ɗan ƙasa.

Maganar sunaye kuwa nan ne gizo ke saƙar. A Tanzaniya, wani bincike da aka yi a yankin Kilimanjaro ya nuna gidajen zaɓaɓɓun shugabannin ƙauye ne suka kwashe kusan kashi 60 cikin ɗari na katunan da aka raba. Ba tirela aka karkatar ba, ba sito aka fasa ba, biro kawai. Wanda ya saba cin buhu, in ka kawo kati, kujerar rubuta sunaye zai nema. Saboda haka kada ka rubuta kai kaɗai, kada ka bar wa shugaba shi kaɗai. A rubuta, a karanta da ƙarfi a bainar jama'a, a manna a ƙofar gidan mai unguwa sati guda, duk mai ƙorafi ya zo ya faɗa.

Wani lissafi kuma da ya kamata mambobinka su sani, don kada su ɗora buri inda ba shi ba. Abin da muke koya wa manomin masara a yankinku shi ne hekta guda tana son kamar buhu takwas na kamfa mai 15-15-15 da buhu biyu zuwa uku na yuriya. Buhu biyun tallafi bai wuce abincin kwatan hekta ba. In mutum ya watsa shi a hekta biyu don kowane lungu ya samu, ba zai ga komai ba, sai ya ce takin jabu ne. Ya zaɓi yankin da ya fi kyau, wanda ya sha takin gida kuma ƙuduji bai cinye shi ba, ya sa kamfa kwana goma zuwa sati biyu bayan shuka, yuriya a sati na biyar ko na shida, ya tona ya rufe. Katin da ya zo bayan wannan lokaci ya zama na 'yan kasuwa.

Alhaji Mai Shagon Taki:

Allah ya ƙara wa Baba Malam lafiya, duk abin da ya faɗa haka yake. Amma ku bari in faɗi namu ɓangaren, tunda mu ake zagi in taki ya makara.

Malam Sakatare, katin nan a wurinka rangwame ne, a wurina bashi ne. Ni kamfani ba ya ba ni tirela sai na biya lakadan, wani lokaci da kuɗin banki mai ruwa. Manomi ya ba ni rabi, sauran rabin takarda ce a cikin durowa har ranar da mai shirin ya ga dama. Kowa ya san bayan GES dillalai sun shekara da shekaru suna bin kuɗinsu, wasu har shagunansu suka rufe. Wanda ya ga haka, in ka zo masa da zancen kati, zai ce to, amma ba zai sauke kaya ba sai ya ga alamar kuɗi. Kai kana can kana cewa dillali ya yi jinkiri, shi kuwa tsoro yake ji. To ka gaya wa mutanen nan su zuba kasonsu a banki tun kafin ruwa ya sauka, a rubuta cewa duk katin da dillali ya kai za a biya shi cikin sati guda. In suka fara kame-kame a kan wannan, gara su kawo buhun.

Kada kuma ku yarda da dillali ɗaya, ko da ni ne. Ku sa uku ko huɗu. Mutum ɗaya in ya san katinku ba ya aiki sai a shagonsa, farashin da zai rubuta daban, kuma rabin da kuke murna an rage muku zai dawo aljihunsa ta bayan gida.

Mai rashin rabin kuɗi da ka tambaya, ga yadda take kasancewa, a gaban idona. Zai zo da katinsa, ɗan baranda na tsaye a gindin bishiya da kuɗi a aljihun gaba. Su yi ƙus-ƙus, ɗan baranda ya biya rabin duka buhu biyun, a fito da su, ya ɗora ɗaya a babur, ya bar wa mai kati ɗaya. Wannan mai tsoron Allah ke nan. Marar tsoron Allah duka biyun zai ɗora, ya damƙa wa bawan Allah abin da bai wuce kuɗin cefanen kwana biyu ba. A takarda kuma an rubuta manomi ya amfana. Ba na zargin manomin, gidansa ba hatsi, masara kuwa sai bayan wata uku. Abin da na ga yana rage wannan shi ne ƙaramin buhu mai kilo 25, da barin mutum ya fanshi buhu ɗaya yau, ɗaya bayan sati uku, tunda yuriya ba a ranar shuka ake neman ta ba.

Ko wanne kuka zaɓa, ku zo da sikeli. Ku duba bakin buhu, in kun ga ramukan tsohon ɗinki a gefen sabo, an buɗe shi. Yuriya kuma ku ɗebi kaɗan ku zuba a kofin ruwa, ta gaskiya narkewa take ƙal, ba ta barin yashi a ƙasa.

Ɗan Maraɗi:

Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Mu nan shekaru da dama hukumar CAIMA ce ke shigo da taki tana sayarwa da rahusa. Daga 2018 aka ɗauko gyara, aka ce 'yan kasuwa su riƙa shigowa da shi, tallafi kuma a bi da shi kai tsaye wurin mai ƙaramin ƙarfi. Kun ga tafiyar ɗaya ce da taku.

Abin da zan ƙara a kan lissafin Baba Malam shi ne, mu manoman hatsi buhu takwas ko a mafarki. Abin da ya taimake mu shi ne sa taki a gurbi, dabarar da masu binciken cibiyar noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai suka yaɗa. Giram 6 na kamfa a kowane gurbi, cikin murfin kwalbar lemo ke nan, lokacin shuka. A gona mai gurbi 10,000 a hekta, kilo 60 ya gama, buhu ɗaya da 'yan kai. In takin DAP ne giram 2 ya isa, abin da yatsa uku za su ɗebo. Aiki ne mai cin baya, sai an sa yara a layi, kuma in ƙasa ba ta jiƙa sosai ba kada taki ya taɓa iri, yana ƙona shi. Na san masara ta fi hatsi ci, ba na ce ku kwafa yadda yake ba. Amma mambobinku ai suna da gero da dawa.

Batun kuɗin Yuni kuma, wasu ƙungiyoyinmu jinginar amfanin gona suke yi. Da kaka, lokacin da hatsi da wake ba su da daraja, sai a tara a magaza, wato sito, guda a sa kwaɗo biyu, makulli ɗaya wurin ƙungiya, ɗaya wurin asusun da ya ba da rance. A ba mutum rance a kan kayansa ya yi kiwo ko 'yar sana'a. Gab da damina kaya sun yi tsada, a buɗe, ya biya, abin da ya hau ya sayi taki. Ba kowace shekara take ci ba. In gwamnati ta fito da hatsi mai rahusa ko farashi ya ƙi tashi, ruwan rancen kan ci ribar.

Ɗalibar Noma:

Ina gaida iyayena. Baba Malam, a gafarce ni, akwai inda karanta sunaye a bainar jama'a bai kai ba. Bainar jama'ar nan maza ne. Mahaifiyata tana da gayaunarta, ita ke biyan 'yan ƙwadago da kuɗin ƙuli-ƙulinta, amma duk rajistar da aka taɓa yi a garinmu sunan maigida ake rubutawa, a ce gida ɗaya suna ɗaya. Lokacin saƙon waya ma wayar gidan guda ce, kuma tana aljihun Baba. Ba wanda ya zalunce ta da gangan, taki dai gandu yake tafiya, gayauna ta samu abin da aka kakkaɓe daga buhu. Malam Sakatare, mata nawa ne a littafinka da sunan kansu? In akwai zawarawa da masu riƙon marayu, a sa mace ta bi su gida-gida ta rubuta, kuma a yarda su aiko ɗa ko ƙane da katin.

Sannan akwai wani gwaji da muka karanta wanda ya dace da tambayarka ta ƙarshe. Masana tattalin arziki Esther Duflo da Michael Kremer da Jonathan Robinson ne suka yi shi a Busia, yammacin Kenya. Manoma da yawa kan ce za su sa taki, lokaci ya yi kuɗi ya tafi. Sai aka riƙa bin su gida da an gama girbi, a sayar musu da katin taki a cikakken farashi, alherin da aka yi musu kawai shi ne kai musu kaya kyauta. Masu sa taki suka ƙaru, ƙaruwar da ba ta gaza ta waɗanda aka rage wa rabin kuɗi daga baya ba, bayan damina ta kama. To ku da za a rage wa rabi, me zai hana ku karɓi rabin mamba tun da kaka, sa'ad da masara ke tsakar gida, kafin bukukuwa da kuɗin makaranta su tafi da ita?

Bazango daga Bawku:

Gaisuwa daga Gana. Mu a 2008 aka kawo kati, malaman gona ke rabawa, kowane kati da yankinsa da irin takinsa. Bai daɗe ba, a 2010 aka bar shi aka koma biyan kamfanoni bisa takardar dakon kaya. A 2017 shirin gwamnati na Planting for Food and Jobs ya zo da rangwamen rabi. Mu da ke bakin iyaka mun ga inda kaso mai yawa ya bi: Burkina Faso da Togo, a kan babur da amalanken jaki cikin dare, duk da tambarin da aka buga wa buhunan. A 2023 gwamnati ta janye rangwamen ta ce a koma ba da kayan noma bashi. Muddin buhu ɗaya na da farashi biyu, sai an samu mai ɗauke shi daga inda yake da araha. Ku dai ku yi rabon kusa da ranar sawa, kada ya daɗe a ɗaka.

Sakataren Masara:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na karanta wa shugaba duka a waya. 'Yata Ɗaliba, mata bakwai ne da sunan kansu, kuma na san masu gayauna sun ninka haka, za a sake rajista. Abin da za mu kai wa mutanen shi ne kati, dillali uku, kuɗinsu ya shiga banki tukuna, kuma a bar mutum ya fanshi buhu ɗai-ɗai. Dattawa sun sauko da aka ce da sikeli za a je. Karɓar rabi da kaka ne shugaba ya ce da sauran magana, don ba kowa zai yarda ya ba ma'aji kuɗinsa wata shida ba, kuma akwai masu cewa masara suke da ita ba kuɗi ba. Alhaji, in muka ce kamfa ya kasance a shago kafin ruwan shuka, yaushe ya kamata kuɗin ya shiga?

Alhaji Mai Shagon Taki:

Ƙarshen Maris, in ya yi nisa tsakiyar Afrilu. Daga Mayu kowa ya farka, layi a kamfani, motar dako ta yi wuya, farashi ya motsa. Masu masara kuma kada ku mayar da su. Ku karɓa ku zuba a sito da kwaɗo biyu irin na mutanen Maraɗi, ku sa maganin ƙwari, a sayar a Maris a kawo kuɗin. Ma'aji ba zai riƙe ko sisi ba.